Rok Ne, Ba Roƙo Ba

Shagona da na Bappa Abdulhalim bango ɗaya ya raba su, bangon ma na langa-langa ne, don haka duk abin da ya ji ni ma sai na ji, ko ina so ko ba na so. Ni tela ce a Roumdé Adjia, nan cikin Garwa, sunana Ramatu. Shi mai gyaran rediyo ne, a zamanin da ba kowa ke kawo rediyo gyara ba. Ba bappana ba ne na jini, girmansa ne ya sa nake kiransa haka, kuma ni kaɗai nake yi. Sauran 'yan layinmu, babba da yaro, Maroƙi suke ce masa. Ba ya amsawa. Ko mai kawo aiki ne ya ce, "Maroƙi, sannu da aiki," sai ya ci gaba da narka dalmarsa kamar ba da shi ake ba, har mutum ya gaji ya kira sunansa na yanka.

Da na kama shagon, ban daɗe ba na ji wata ƙara ta taso ta bango, sai ka ce an zuba wa injin niƙa tsakuwa. Na ajiye almakashi na zagaya da niyyar faɗa, don ni ba na kwana da magana a ciki. Na tarar da dattijo dogo, siriri, da ɗan farin gemu, yana zaune a benci ya rufe ido, wani baƙin faifai yana juyawa a gabansa.

"Malam, don Allah wannan injin naka ba a rage masa murya ne?"

"Ba inji ba ne," ya ce, bai ko buɗe ido ba. "Gita ce. Ki bari ta gama magana."

Na tsaya riƙe da ƙugu har ta gama. Da ya buɗe ido ya ga har yanzu ina nan, sai ya matsa mini wuri a bencin. Daga baya ya gaya mini ni ce mutum na farko a layin da ya zo faɗa ya tsaya har ƙarshen waƙa.

Bayan shagon nasa duk kanta ce, cike da faya-fayan garmaho. Kada ki kuskura ki ce garmaho a gabansa, turne-disk yake cewa, da faransancinsa na 'yan makarantar da. Kantar sama ita yake kira layin manya. Nan yake jera waɗanda ya yarda sun fi kowa a duniyar kiɗan gitar nan na Turawa da ake kira rok, kuma kusan duk ba waɗanda duniya ta sani ba ne. Akwai na wasu 'ya'yan masu haƙar ma'adini daga can ƙasar Zambiya. Akwai na wasu samarin Legas da suka yi bayan yaƙin basasa. Akwai na wasu yaran Turawa da suka yi faifai guda suka yi faɗa suka watse. Kowanne yana da dalilinsa na hawa sama, kuma in ka tambaya ka jawo wa kanka, don sai ka rasa sallar la'asar a jam'i. Ran Lahadi akwai wani shiri na gidan rediyon ƙasar waje da ake lissafa manyan faya-fayen rok. Ba ya wuce shi, kuma ba ya jin sa cikin lafiya. Ta bango nake jiyo shi yana yi wa rediyo tsawa: "C'est pas vrai! Ƙarya ne! Wannan ai masu busa masa ƙaho ne da yawa, ba kiɗi ba!"

Nasa faifan ba ya layin manya. Yana can ƙasa, bayan wata matacciyar rediyo, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Sai da muka shekara muna gaisawa na san cewa ƙarar da ta kai ni shagonsa ran farko, hannunsa ne.

Labarin a gutsure na same shi, wani daga bakinsa, wani daga bakin tsofaffin matan da suke kawo mini ɗinki. Abdulhalim ɗan Alhaji Sulaimanu ne, babban ɗan kasuwar goro da atamfa, irin gidajen da kakanninsu suka zo daga Kano suka zauna. Shi kaɗai aka sa a lise, wato sakandaren Faransanci, cikin 'ya'yan gidan, don a sami mai karanta takardun gwamnati. A hutu yakan je Pitowa wurin wani abokinsa, Fulbert, wanda ubansa ke aiki a gidan gurzar auduga. Wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar wa uban Fulbert kwali guda na faya-fayai da injin sa su, don ba zai iya ɗauka ba. Uban Fulbert ko kallonsu bai yi ba. Yaran nan biyu kuwa suka zauna a kansu har hutu ya ƙare. Abdulhalim ya dawo Garwa da wani abu a kunnensa wanda bai fita ba har yau.

Suka nemo na uku, Mahamat, ɗan Kusiri, mai kaɗa gita mai kaurin murya. Fulbert ya kama ganguna, Abdulhalim ya kama gita da waƙa. Suka sa wa kansu suna Dorinar Binuwai. Wani mai gidan rawa a bakin kogi ya ara musu kayan kiɗa, suna yi masa wasa ran Asabar. A Garwa kuwa ba a ɓoye irin wannan. Kafin wata ya zagayo maganar ta isa zauren Alhaji.

Ran Juma'a ne bayan an sauko, zaure cike da abokan kasuwancinsa ana cin abinci. Alhaji ya sa aka kira yaron.

"An ce an gan ka a gidan rawa da molo a wuya."

"Ba molo ba ne, Baba. Gita ce."

"To. Wane irin kiɗa ne kake yi da ita?"

Nan ne fa. Da ya ce kiɗan Turawa ne, da an zage shi, an fasa gitar, an manta. Amma yaro ne mai ji da ilminsa, sai ya ɗaga kai ya ce, "Rok ne, Baba."

Kowa ya san bakin Bahaushe ba ya barin kalma ta mutu tsirara haka, sai ya sa mata wutsiya. Alhaji ya ajiye loma. "Roƙo?"

"A'a, Baba, rok. Rok."

"Na ji ai. Roƙo."

Wani daga cikin baƙin ya yi dariya. Bappa ya ce mini har yau bai san ko wane ne ba, kuma da ba a yi dariyar nan ba da wataƙila ubansa ya bari ya yi bayani. Amma an yi wa Alhaji Sulaimanu dariya a zaurensa, a kan ɗansa. Ya ce, "Kakanka da jaki da huhun goro ya shigo garin nan, bai taɓa tsayawa ƙofar wani yana wasa shi don a ba shi ba. In roƙo za ka yi, ba daga gidan nan za ka riƙa fita ba." Aka miƙo masa kayansa ta ƙofa, aka sa sakata.

Ni ba na raina maroƙa, sana'a ce, kuma biki ba ya daɗi in babu su. Amma a irin gidajen nan ba sa haɗa jini da su, ba sa haɗa akushi. Kafin magariba duk unguwa ta san ɗan Alhaji Sulaimanu ya shiga roƙo. Abin da yake ƙona mini rai, ba wanda ya taɓa jin ya wasa kowa, kuma ba wanda ya ga ya miƙa hannu. Kalma ce kawai ta zame a kunne, manyan mutane masu gemu suka bi ta da gudu.

Zuciya ta ɗebi Abdulhalim. Shi da abokansa suka hau mota zuwa Ngaundere, suka hau jirgin ƙasa, suka gangara har Duwala. Suka yi dako a tashar jiragen ruwa, suka kwana a barandar mutane, har wani mai ɗakin ɗaukar murya ya yarda ya buga musu faifai. Ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in ke nan. Suka sa masa suna Ruwa Ya Janye. A bangonsa akwai hotonsu su uku a kan yashin Binuwai, wando mai faɗin ƙafa kamar buhu, Bappa da suma cunkus. Na yi dariya ranar da ya nuna mini har sai da ya ji haushi.

Faifan bai je ko'ina ba. Mutanen kudu suka ce hayaniyar 'yan arewa ce da yaren da ba sa ji. Mutanen arewa suka ce kiɗan arna ne da Hausa. Gidan rediyo ya sa waƙa ɗaya sau ɗaya, mai gabatarwa ya yanke ta a tsakiya. Da suka dawo Garwa, wasu masu biki suka fara aiko masa, wai ya zo ya wasa ango, tunda an ce maroƙi ne na zamani. Ya kore su. Har wani tsohon maroƙi na gaske ya zo ya zauna ya saurari fuska ɗaya ta faifan, ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "Yaro, wannan ba roƙo ba ne. Ko kakan mutum ɗaya ba ka ambata ba. Kada ka ɓata mana suna." Bappa yakan ce wannan tsohon shi kaɗai ne ya taɓa yi masa adalci a garin nan.

Mahamat ya ƙetara Njamena, labarinsa ya yanke. Fulbert ya koma gidan auduga ya gaji aikin ubansa, ya rasu tun kafin in san Bappa. Shi kuma ya sayar da gita ya sayi kayan gyaran rediyo. Ya nemi aure a gida biyu, duka aka ce ba a ba maroƙi, bai sake nema ba. Da Alhaji ya rasu ya je ya tsaya a sahun baya, aka sallaci gawa, ba wanda ya ce masa shigo zaure. Da mahaifiyarsa ta rasu ma haka. 'Yan'uwansa maza suka bi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta rage a gidan ita ce yayarsa, Hajiya Hawa'u, wadda yake kira Adda. Tsakanin gidan da shagonsa ba nisa, mai babur ba zai ko sa giya ta uku ba. Fiye da shekara arba'in ba ta taka shagon ba, shi ma bai taka zauren ba. In sun haɗu a wurin jana'iza sai su gaisa kamar maƙwabta.

Ran Salla yakan buɗe shago. Layin duk a rufe, shi kaɗai, da sabuwar hula, yana goge faya-fayai. Nakan aika masa da tuwo, ya dawo da kwano a wanke. Na sha cewa ya zo gidanmu ya ci da maigidana, sai ya ce, "Useko, na gode, Ramatu, akwai aikin da zan ƙarasa." Wane aiki? Rediyon da mai ita ya mutu tun bara? Tausayinsa yakan kama ni har in ji haushinsa.

Ni ban yi lise ba, ban san manyan duniya ba. Amma shekaru na yi ina jin faifan nan ta bango ina taka keken ɗinki, kuma kunnena ba na ado ba ne. Waƙar farko ta motar zuwa garin Mora ce, gangunan Fulbert suna tafiya kamar tayar da ta sami kwalta. Akwai ta masu wanki a bakin kogi. Akwai ta zafin watan Afrilu, inda gitar take jan murya ɗaya ta ƙi saki har sai ka ji gumi a bayanka. Ya sa mini na layin manya duka, wasu na ji daɗinsu, wasu na yi hamma. Na rantse ban ji wanda ya fi nasa ba. Da na gaya masa, sai ya ce in bar zancen, ba a sa kai a layin manya, wasu ne suke sa ka.

Abu ɗaya na lura da shi. Duk sanda ya juya fuska ta biyu, kafin ta kai ƙarshe sai ya miƙa hannu ya ɗage allura. Ko yana tsakiyar aiki ne sai ya saki. Wata rana na ɗauki faifan na kalla a haske. Ko'ina ya yi toka-toka don yawan sawa, sai zoben ƙarshe na kusa da tsakiya, shi baƙi ne wuluk yana sheƙi kamar jiya aka buga.

"Bappa, wannan fa?"

"Waƙar ba ta yi kyau ba," ya ce. Ya karɓe ya naɗe.

Bara kunnensa ya fara tafiya. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama yana bi. Ya je asibiti aka ce tsufa ne da ƙarar da ya sha. Sai ya zama in zai ji faifai sai ya kwantar da kai a jikin lasifika. Allurar turne-disk ɗin ma ta ƙarshe ce, ba a sayar da irinta ko a Yawunde. Wata rana da hantsi na kai masa kunu na same shi zaune bai kunna komai ba.

"Jam na, Bappa?" na ce, ina tambayar lafiyarsa da Fillanci.

"Jam." Ya daɗe yana juya cokali. "Ramatu, ni ba yabo nake nema ba. Wannan ya wuce. Abin da nake so, kafin kunnen nan ya rufe, mutum ɗaya na gidanmu ya zauna ya ji, ya faɗa da bakinsa, ni ma in ji da kunnena, cewa babu roƙo a ciki. Ko kalma ɗaya babu. Shi ke nan."

"To ka je ka gaya wa Adda mana."

"In je in roƙe ta?" Ya yi wani murmushi. "Ai sai maganarsu ta tabbata."

Na koma shago na kasa ɗinki, na lalata wuyan rigar mutane. Da azahar na yafa mayafi na tari mai babur.

Gidan Alhaji Sulaimanu har yanzu babba ne, amma ya zama kango-kango, jikoki da 'yan haya. Na sami Hajiya Hawa'u a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu masu kumburi, tana jan carbi. Tsohuwa ce mai faɗin fuska, idonta irin na Bappa sak. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce ni maƙwabciyar ƙaninta ce.

"Abdu? Lafiya yake?"

"Da sauƙi, Hajiya. Kunnensa ne yake rufewa. Yana so ku zo ku ji faifansa."

Ta ci gaba da jan carbi. "Ni da tsufana, da aikin hajjina, in je kasuwa jin kiɗa?"

Na yi niyyar in yi ladabi, Allah ya sani. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Hajiya, ku gafarce ni, shekara arba'in ana kiran ɗan'uwanku da sunan da ba nasa ba, a kan abin da ko mutum ɗaya na gidan nan bai taɓa ji ba. Ko ɓarawo alƙali yakan saurare shi."

Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce, "Ai ya aiko mana da shi. Tun daga Duwala, ta hannun wani direba."

"Kun ji?"

"Da me za mu ji? Alhaji ya ce kada ya ji ƙararsa a gidansa. Inna kuma ta kasa yarwa. Sai ta ce tunda faifai ne, a rufe randa da shi." Ta nuna wata kusurwa inda babu komai yanzu sai tsohon gurbi. "Can. Ya yi shekaru a kan randar Inna, har rana ta lanƙwasa shi ya daina zama."

Ban san sanda na ce innalillahi ba. Ta kalle ni, ta kalli gurbin. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Na tashi na tafi ina zagin kaina a hanya.

Ran Alhamis bayan la'asar sai ga mota ta tsaya a bakin layi. Hajiya Hawa'u ta fito da sanda, tana takawa da ƙyar. 'Yan layi suka bar abin da suke yi. Bappa ya miƙe har ya ture gwangwanin dalma.

"Adda."

"Abdu. An ce ka kurumce."

"Saura kaɗan."

"To sa mini abin, ƙafata ba ta son zama."

Na kawo mata kujerata ta ɗinki. Na so in fita in ba su wuri, ta ce in zauna, tunda ni na jawo. Bappa ya kwance ɗankwalin, ya hure allura, ya ɗora. Ya durƙusa ya manna kunnen dama a lasifika, idonsa a kan fuskarta.

Da motar Mora ta taso, Hajiya ta zabura ta ce, "A'uzubillahi!" Amma ba ta tashi ba. A waƙar masu wanki ta ce, "Muryarka ce wannan? Kamar ta Kawu Hanzala." Ya juya faifan. Ta saurari ta zafin Afrilu ido a rufe, carbin ya tsaya a hannunta. Bayan kowace waƙa sai ya ce, "Kin ji? Na wasa wani? Na ce a ba ni?" Ita kuma ta girgiza kai. Fuskarsa ta fara washewa, ban taɓa ganinsa haka ba.

Allura ta kusa zoben ƙarshe. Ya miƙa hannu kamar kullum. Sandar Hajiya ta sauka a kan hannun.

"Bai ƙare ba."

"Ya ƙare, Adda. Sauran ba shi da kyau."

"Na taso tun daga gida da ƙafar nan. Duka aka ce in ji."

Ya janye hannu. Ya ɗaga kunnensa daga lasifikar ya zauna a ƙasa, ya jingina da kanta.

Babu ganguna a wannan. Gita ce kaɗai, a hankali, sai muryar yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba tsawa, ba ƙawa. Maganar ma ba ta da yawa, ita yake ta maimaitawa:

Baba, ni ne a ƙofa.
Inna, ni ne a ƙofa.
Adda, ke ce kusa, ki zare sakata.

Daga nan sai gitar ta karɓa, ta yi ta faɗin abin nan ba da baki ba, ta hau ta sauko, ta sake hawa. Muryar ta dawo ta ce Adda, ta sake cewa Adda. Sannan allura ta shiga tsakiya tana ƙyas, ƙyas, ba wanda ya tashi ya ɗage ta. Ni dai hawaye nake yi ba kunya.

Hajiya Hawa'u ta sunkuya da ƙyar, ta kamo kan ƙaninta ta juyo kunnen dama wajenta, ta ɗaga murya don ya ji.

"Ka ce in faɗa maka babu roƙo. Ba zan yi maka ƙarya ba, Abdu. Roƙo ne. Roƙo ne mana." Ta shafa kansa. "Ashe duk shekarun nan kana kan randar Inna kana kiranmu, mu kuma muna ɗaga ka mu ɗebi ruwa mu mayar."

Ya sa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, ita kuma ta bar hannunta a kansa. Da aka kira magariba ta miƙe. Ta ɗauki faifan da kanta, ta riƙe shi ta gefe kamar yadda ta ga yana yi, ta tambaye ni inda ake ajiyewa. Na nuna mata bayan matacciyar rediyo. Ta dubi wurin ta taɓe baki, ta ce ƙasa akwai sanyi da ɓeraye, in ɗora mata shi can sama. Ba ta san sunan kantar ba. Na ɗora.

Ta ce ya zo gida ran Juma'a ya ci abinci. Ya je, da sabuwar hularsa. Ya dawo ya ce mini zauren ya ƙanƙance, kuma jikokin ba su san ko shi wane ne ba, ɗaya ma ya tambaye shi ko mai gyaran fanka ne. Ya sake zuwa sau da dama. Da damina ta tsaya Hajiya Hawa'u ta kwanta, kafin a fara girbi ta rasu. Wannan karon a sahun gaba ya tsaya, don ba wanda ya rage da zai gaya masa inda zai tsaya.

Yanzu kunnen dama ma ya kusa. Ba ya faɗa da rediyo ran Lahadi, don ba ya jin abin da take cewa. Faifan yana nan a layin manya, tsakanin 'yan Zambiya da 'yan Legas, bai sauko da shi ba. In ya sa shi yanzu ba ya ɗage allura, har zoben ƙarshe ya fara yin toka-toka kamar sauran. Nakan tsayar da keke in ya zo wurin.

Makon jiya wani mutum ya zo da rediyo a hammata, baƙo ne, 'yan layi suka nuna masa shagon da sunan da suka saba. Ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum, nan ne wurin Maroƙi?" Na riga na ajiye almakashi zan fito in wanke shi tas. Sai na ji Bappa ta bango, a hankali, ya ce, "Na'am. Ni ne. Shigo."